Yaran yayata da aka haifa a Jidda, wai 'yan wace kasa ne?

Abban_Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san doka ko wanda irin wannan ta taba faruwa a gidansu ya taimaka min da bayani, abin ya fara hana ni bacci.

Yayata ce uwa daya uba daya, ta tafi Umara a azumin 2005 bayan aurenta na fari ya mutu, to kun dai san yadda ake yi, bata dawo ba ta zauna takari a Jidda, da farko aikatau take a gidan Larabawa daga baya ta koma saida abinci. A can ta auri wani bawan Allah mutumin Nijar dan wajen Damagaram, shima ba igama (takardar izinin zama) gare shi ba, a daki aka daura auren da malami da shaidu aka raba dabino shikenan, ba wata takarda. Allah ya basu yara uku, babban namiji yanzu shekararsa 17, sai mace 14, sai auta dan 8, kuma dukkansu a gida aka haife su a hannun ungozoma don tace zuwa asibiti ba igama kamar ka kai kanka ne. Mijin ya rasu shekara hudu da suka wuce, Allah ya jikansa. Bara askarawa suka kai samame unguwarsu cikin dare aka kwashe su sai Shumaisi, inda ake tsare wadanda za'a kora, sun yi wata biyu da 'yan kwanaki a tsare sannan aka sauke mana su a filin jirgin Malam Aminu Kano daga su sai kayan jikinsu da leda daya.

Yanzu suna wajena a Kurna. Satin da ya wuce na dauki babban muka je wani shago da ake rajistar NIN saboda ko layin waya ba zai iya mallaka da sunansa ba, balle asusun banki, mai cike fom din ya tambaye shi ina aka haife ka yace Jidda, da wannan Hausar tasa da ta cakude da Larabci, yace babanka dan ina ne yace Nijar, kawai sai mutumin ya turo mana fom din yace Alhaji ai wannan ba dan Najeriya bane ku kara gaba. A gaban mutane fa. Yaron nan ranar ko abinci bai ci ba.

Abin da ya kara daga min hankali yanzu ya kafe wai shi dama dan Saudiyya ne, wani dillali ya hure masa kunne wai duk wanda aka haifa a can in ya cika 18 ya koma za'a bashi jinsiyya, har ya fara yiwa uwar maganar ta saida dan kunnen gwal dinta guda daya da ta tsira dashi a biya masa hanya.

To tambayata, tunda ubansu ba dan nan bane kuma ba'a nan aka haife su ba, suna da hakkin zama 'yan Najeriya ko babu? Kuma maganar dillalin nan akwai kamshin gaskiya a ciki? Sannan in suna da hakkin ta ina zan fara, don ni dan kasuwa ne a Kwari yadi na sani ba doka ba.

Sadauki09 ya rubuta:

Wslm. Alhaji ai wannan a fili take, inda aka haifi mutum nan ce kasarsa ko ina a duniya, baka ga manyanmu suna kai matansu Amurka haihuwa ba? Yaran nan 'yan Saudiyya ne kawai danne musu hakki aka yi saboda bakar fata. Ni da nine wlh ofishin jakadancinsu zan kai kara.

Lauyan Fagge ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sadauki ka yi haƙuri amma ka ɓaro ta, kuma irin wannan maganar ce take jefa yara hannun dillalai. Abban Hanifa, Allah ya saka maka da riƙon zumunci, bari in ɗauko maka daga tushe ko da zai ɗan yi tsawo.

Ƙasashen duniya hanya biyu suke bi. Wasu ƙasa suke dubawa, wato inda aka yanke maka cibiya. Wasu jini suke dubawa, wato ɗan waye kai. Saudiyya jini take dubawa, jinin ma na uba. In ubanka Basaudiye ne kai ɗan ƙasa ne ko a Rijiyar Lemo aka haife ka. In ubanka baƙo ne, ko a cikin Harami aka haife ka kai baƙo ne, ko da iyayen suna da igama mai kyau balle babu. Wannan maganar ta shekara 18 da dillalin ya ɗauko ya murɗe, asalinta ta ɗan da uwarsa Basaudiya ce ubansa baƙo, shi ne in a can aka haife shi ya girma zai iya nema idan ya balaga, nema fa na ce, ba a hannu take ba. Yayarka ba Basaudiya ba ce, saboda haka wannan ƙofar ba tasu ba ce kwata-kwata. Ka gaya wa yaron kar ya bari a raba uwarsa da ɗan kunnenta a banza.

Sai ɓangarenmu, kuma nan ne nake so ka kwantar da hankalinka. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 25, shi ya lissafa waɗanda suke 'yan ƙasa tun daga haihuwa, kuma a cikinsu akwai duk wanda aka haifa a wajen Najeriya matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne. Ɗaya daga ciki. Bai ce uba ba. Bai ce sai an yi auren a kotu ba, bai ce sai uwar ta shiga waccan ƙasar da biza mai rai ba, bai ce sai asibiti ta haihu ba. Laifin zama ba takarda tsakaninta da hukumar Saudiyya ne, kuma sun riga sun hukunta ta da tsarewa da kora, bai taɓa 'yancin 'ya'yanta a nan ba ko kaɗan. Tun ranar da kowannensu ya faɗo duniya a ɗakin nan na Jidda ɗan Najeriya ne, daidai da Hanifarka, ba sai wani ya ba su ba. Sashe na 42 ma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai.

Kuma ba yau aka fara wannan rigimar ta "ubanka ba ɗan nan ba ne" ba. A Janairun 1980, zamanin Shagari, an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin tsohuwar jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi wai ubansa ɗan can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne tunda mahaifiyarsa 'yar nan ce, dole aka bar shi ya dawo gida. To in ɗan majalisa guda an yi masa haka, ka ga mai cike fom a shago ba abin mamaki ba ne, rashin sani ne ya haɗu da al'adarmu ta cewa ɗa na uba ne. A gado da nasaba haka ne. A takardar zama ɗan ƙasa ba haka ba ne.

Ta wajen uban kuma suna da haƙƙi a Nijar in sun so nema wata rana, kuma sashe na 28 bai hana wanda yake ɗan Najeriya tun haihuwa riƙe ƙasa biyu ba. Amma wannan a ajiye shi gefe tukunna, uban ya rasu ba takarda, sai an nemo danginsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Doka ta ba su, amma ma'aikaci takarda yake gani ba doka ba. Abin da zan ce ka yi, ka fara da uwar ba da yaran ba. Ita ce gadar. In tana da tsohon fasfon da ta fita da shi a 2005 ko ya mutu a nemo shi, in babu ta yi NIN ɗinta, ta karɓi takardar indijin ta ƙaramar hukumarku. Sannan ka tambaye ta takardar da aka sako su jirgi da ita. Duk wanda aka koro ba fasfo, jami'an ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda sai sun tantance shi sun ba shi takardar tafiya ta gaggawa kafin a ɗora shi a jirgi. Wannan 'yar takardar da mutane ke yarwa ko a ƙunshe ƙosai da ita, ita ce shaidar farko cewa gwamnatin Najeriya da kanta ta karɓi yaran a matsayin nata. Bayan nan uwar ta je kotu ta yi takardar rantsuwa a kan kowane yaro, sunansa, ranar haihuwa, garin da aka haife shi, da cewa ita ta haife shi, kai ma ka yi taka a matsayin kawu. Ku bi ta wajen mai unguwa da dagaci su sa hannu, da waɗannan za ku tunkari hukumar ƙidaya da masu NIN. Ƙananan biyun da ba su kai 16 ba da lambar uwar za a haɗa tasu. Kuma ka je babban ofis ka nemi ganin na sama, ka daina bin shagunan bakin titi da irin wannan matsalar.

In an zo maganar indijin ɗin yaran za ka iya jin an ce ai sai garin uba. Ka ce a buɗe sashe na 318, ya ce mutum ɗan jiha ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin jihar ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, wani zai ce maka kawai a rubuta an haife su a Kano a huta. Kar ka yarda. Gaskiyar ta ishe su, ƙaryar ce za ta zame musu ƙaya nan gaba.

Yar_Sharamansur ta rubuta:

Slm. Kawu Abban Hanifa wlh ina karanta rubutunka hawaye na zuba don kamar labarina kake bayarwa. Ni a Makka aka haife ni a Sharamansur, mamana ma a can ta girma, karshen 2013 lokacin da wa'adin da aka bayar na gyara takardu ya kare aka fara kame ba ji ba gani aka hado damu, ina da shekara 16 ban taba ganin Najeriya ba ko a mafarki, abin da na sani kawai sunan unguwar kakana da mama take fada. Na sauka Kano da sanyin hunturu da silifas.

Maganar Barista ta karshe ku rike ta da hannu biyu don ni ta ci ni. Kanin babana da kyakkyawar niyya yaje ya yo min takardar haihuwa aka rubuta Kano aka rage min shekara biyu wai don in samu shiga makaranta, ita kuma takardar da muka shigo da ita an rubuta Makka da shekaruna na gaskiya, ranar da nazo yin fasfo aka ga abu biyu sun saba sai da na kusa shekara ina zarya ina rantsuwa a kotu ina gyara, kudin da na kashe Allah kadai ya sani, da tun farko gaskiya aka rubuta da ba haka ba. Kuma shekarun ma ku zauna da Hajiya ku lissafa da kyau, mu a can da watan Musulunci muke rike haihuwa, mamana ce min take an haife ki bayan Hajji da kwana goma shekarar kaza, to sai an juya shi zuwa na Bature, ku juya sau daya ku rubuta a littafi kowa ya haddace, kar yau a fadi wannan gobe a fadi wancan.

Amma ni ba takarda ce ta sa na yi magana ba, yaron ne. Dan Allah kar ku yi masa fada don yace shi dan Saudiyya ne. Ku gane, shi bai san wata kasa ba sai ita, abokansa suna can, kabarin babansa yana can, harshen da yake mafarki dashi Larabci ne, ko shayin da ya saba sha ba irin namu bane. A can yaran Larabawa suna ce mana takruni, in muka ga motar jawazat, wato jami'an shige da fice, mu ruga mu buya a bayan tankin ruwa, makarantar gwamnati ba'a daukarmu sai ta malaman unguwa da ake yi a boye a daki, amma duk da haka nan ne gida a wajenmu. Kazo nan da murnar ai yanzu an zo kasarmu sai kaji ana ce maka dan Jidda, dan kamu, kayi magana a kwashe da dariya ana kwaikwayonka. Ni sai da na shekara biyu bana fita ko kofar gida. To ace kuma a gaban jama'a wani ya kalle ka yace kai ba dan nan bane, ina kake so yaro ya sa kansa? Dole dillali ya samu shiga.

Ku gaya masa a hankali cewa ko ya koma abin da ya baro zai tarar, guje-guje da buya, kuma wanda aka kora an dauki basmarsa, yatsun nan suna cikin kwamfutarsu, ba kamar zamanin iyayenmu bane da mutum zai canza suna ya sake fasfo ya koma. Na san wadanda suka bi ta Chadi da Sudan don su tsallaka teku, wasu har yau ba labarinsu.

Kuma Larabcin nan nasa dukiya ce a garin nan in an iya dashi. Ni yanzu dashi nake ci, ina koyarwa a islamiyya da yamma, lokacin Umara kuma masu kamfanin tafiye-tafiye suna kirana in yi musu waya da otal-otal. Tunda a Kwari kike, afuwan kake, ka dinga tafiya dashi shago, masu sayayya daga Chadi da Sudan suna shigowa, rana daya zai yi ciniki da Larabci kaga yadda fuskarsa zata canza.

DanGwammaja_a_Amurka ya rubuta:

Sadauki ba laifinka bane, da yawa a gida haka suka dauka saboda Amurka ce tafi suna a wannan harkar. Nan din gaskiya ne, gyara na 14 da aka yiwa kundin tsarin mulkinsu a 1868 bayan yakin basasa, asali don 'yantattun bayi aka yi shi, shi yace wanda aka haifa a kasar dan kasa ne, sannan a 1898 kotun koli ta tabbatar da haka a shari'ar wani Wong Kim Ark da iyayensa 'yan Sin ne aka haife shi a San Faransisko. Kanada da Meziko da Barazil ma haka suke, yawanci kasashen wancan bangaren ne. Shi din ma Trump ranar da ya dawo mulki 20 ga Janairun 2025 ya sa hannu a wata doka don a daina baiwa 'ya'yan marasa takarda da masu bizar wucin gadi, nan take aka maka shi a kotu alkalai suka taka masa birki rigimar ta tafi har kotun koli.

Kuma abin da masu sha'awar abin basa fada, dan ne dan kasa ba iyayen ba. Ana korar uwa a bar ta da zabin ko ta tafi da danta ko ta bar shi a hannun wasu. Yaron ba zai iya nemawa iyayensa takardar zama ba sai ya cika 21.

Turai kuwa labarin daban ne. Ingila da suna bayarwa, suka rufe tun 1 ga Janairun 1983, yanzu sai in daya daga iyayen dan kasa ne ko yana da zaman dindindin. Sai dai sun bar wata 'yar kafa, yaron da aka haifa a can ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a kasar yana da hakkin a yi masa rajista ko da iyayen basu da takarda. Kasar Ayalan ita ce ta rage tana bayarwa, matanmu na Najeriya suna ta tururuwar zuwa haihuwa, suma suka yi kuri'ar raba gardama a 2004 suka toshe. Faransa sai yaro ya girma a can ya cika wasu shekaru yana zaune.

Ni abin da yake bani haushi, da yaran yayarka a Landan aka haife su suka yi wadannan shekarun, da biyu daga ciki sun cancanci fasfon Ingila. Amma kasar da muke fuskanta sau biyar a rana mutum ya haihu ya haifi jika a cikinta yana nan a bako. Kuma kafin wani ya taso min, mu ma Najeriya haka dokarmu take, dan Lebanon ko dan Sin da aka haifa a Kano iyayensa duka baki ba ya zama dan kasa don an haife shi a nan.

Gaskiya_Daci ya rubuta:

Ni dai a fadi gaskiya, duk wannan iyayen ne suka jawo. Kaje ibada ka ki dawowa ka karya dokar kasar mutane ka zauna kana ta haihuwa ba tsari, sannan azo ana neman tausayi. Su suka bata mana suna har biza take wahala yanzu. Wanda ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa.

Abban_Hanifa ya rubuta:

Malam Gaskiya na ji, kuma ban ce yayata ta yi daidai ba, ita ma bata ce ba. Amma da kudin aikatau din nan nata aka yiwa mahaifiyarmu aikin ido aka rufa mana gida da kwano, ni kaina jarin farko da na shiga Kwari dashi riyal dinta ne, lokacin ba wanda yace ta bata suna, Hajiya ake ce mata ana jiran sako. Kuma ko ma meye, yaro dan shekara 8 wace doka ya karya? Ni ba tausayi nazo nema ba hanya nake tambaya.

Barista Allah ya kara basira, wlh ka sauke min dutse daga kirji, na karantawa yaya bayaninka tana ta kuka tana sa maka albarka. Yar uwa ta Sharamansur kema na gode, kin fada min abin da ban lura dashi ba, ni fada nake ta yi masa.

Baba Na Kofar Mata ya rubuta:

Jikana ne yake rubuta min. Ku yaran yanzu kun ɗauka takari jiya aka fara. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya Hajji, ta Borno ta Chadi ta Sudan, shekara biyar shekara bakwai ana tafe ana noma ana leburanci ana tara guzuri, wasu su isa wasu su zauna a hanya. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 jama'a da yawa suka yi gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogi a Sudan har yau da sunansa ake kiran garin. Su ne ake ce wa Fallata a can. Ƙanin mahaifina yana cikin waɗanda suka tafi daga baya bai dawo ba, ya hayayyafa a can.

Abin da ya sa na sa baki, da yaƙin nan ya ɓarke a Sudan a 2023 wani jikansa ya iso mana nan da matarsa. Hausa a bakinsa ras, ya san sunan gidanmu da sunan kakansa, amma shi da ubansa duk a can aka haife su kuma uban bai taɓa riƙe takardar Najeriya ba har ya rasu. Barista shi kuma ina matsayinsa? Mu dai mun karɓe shi, jininmu ne, kamanninsa ma na gidanmu ne.

Lauyan Fagge ya rubuta:

Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya. Nasa ya fi na yaran Kurna nisa amma ba a rufe yake ba. In za a iya tabbatar da cewa mahaifinsa ɗan Najeriya ne ta hanyar kakan, ko da bai taɓa riƙe fasfo ba, to shi ma ya shiga sashe na 25, don rashin takarda ba ya cire mutum daga ƙasarsa. In hakan ya yi wuya akwai sashe na 26, wanda ya ba baligin da aka haifa a waje dama ya nemi a yi masa rajista in ɗaya daga kakanninsa ɗan Najeriya ne, sai dai wannan nema ne, ta ma'aikatar harkokin cikin gida ake bi kuma shugaban ƙasa ke amincewa, yana ɗaukar lokaci. Abin da zai taimake shi shi ne irinku dattawa da kuka san kakan, a rubuta shaidarku a kotu tun kuna raye, Allah ya ja kwana. Matarsa kuma in ta tabbata shi ɗan ƙasa ne, sashen nan na 26 ya ba matar ɗan Najeriya damar rajista. Abin dariyar, mijin 'yar Najeriya bai samu wannan ba, da mijin yayar Abban Hanifa yana raye sai dai ya bi doguwar hanya ta shekara 15.

Abban_Hanifa ya rubuta:

Jama'a an samu takardar! Tana cikin ledar nan da suka sauka da ita, yaya ta cusa ta karkashin katifa tare da katin gaisuwar rasuwar mijin, duk ta yamutse amma ana ganin hoto da hatimi, kowa da tasa har autan. Sai dai akwai matsala daya, a ta babban an rubuta sunan uban daban da yadda aka rubuta a ta kannensa, daya Mahamadu daya Muhammad, wai a Shumaisi wanda ya rubuta ne ya rubuta yadda yaji. Barista wanne zamu bi? Litinin in sha Allah zamu fara da gidan mai unguwa, na riga na kai an yi hoton takardun kala uku-uku na ajiye asalin a shago cikin sef.

Yaron kuma na tafi dashi kasuwa yau. Bai ce komai ba har azahar, sai da wani dan Chadi ya shigo neman shadda.

Lauyan Fagge ya rubuta:

Ku zaɓi ɗaya, wanda biyu suka yi tarayya a kai ya fi sauƙi, a sa shi a takardar rantsuwar dukkansu, sannan a ƙara layi ɗaya a ta babban cewa Mahamadu da Muhammad mutum ɗaya ne. Asalin takardar kar ka bari kowa ya riƙe maka ita a ofis, a gani a ba ka abarka.

Yar_Sharamansur ta rubuta:

Kawu ya aka yi da dan Chadin, ya saya?